Katin ƙungiya ga direban tifa: wanne ne ya ci kuɗinsa?

Direban da ya fito neman aikin tifa, ko a tashar yashi ko a ƙofar kamfanin gina hanya, ba ya kwana biyu sai an yi masa maganar ƙungiya. Wasu su ce masa in babu kati ko lodi ɗaya ba zai gani ba, wasu su ce kuɗinsa kawai za a ci. Kowanne yana da gaskiya a wurinsa, domin sunan "ƙungiya" abu biyu ya rufe. Akwai ƙungiyar tasha, mai tsara layi da yankar tikiti. Akwai kuma ƙungiyar ma'aikatan kamfani, mai zama da shugabannin kamfani a kan albashi da kuɗin sallama. Hidimarsu daban, kuɗin da suke karɓa daban, ranar da suke yi wa direba rana ma daban. Mun auna su kamar yadda ake auna kowace haja: me ka biya, me aka ba ka, a ina kuma take ba da kunya.

Kafin a zo maganar kati, sai direba ya san hannun wa albashinsa zai fito. Tun garambawul ɗin 1978, ƙungiyoyin ƙwadago a Najeriya suna bin sana'ar wanda ya ɗauke ka aiki ne, ba aikin da hannunka ke yi ba. Direban da kamfanin gine-gine ya ɗauka yana ƙarƙashin NUCECFWW, ƙungiyar ƙananan ma'aikatan gine-gine da aikin katako da ke cikin NLC, daidai da birkila da mai tuƙa katafila. Direban tankar mai yana reshen PTD na NUPENG. NURTW, wadda ita ma aka kafa a 1978, ta ma'aikatan jigilar fasinja da kaya ce. NARTO da RTEAN kuwa na masu motoci ne, wato ɓangaren ubangida. Direbobi da dama suna riƙe da katin tasha suna zaton zai yi musu magana a ofishin kamfani. Ba zai yi ba. Manajan ma'aikata ba ya zama da shugaban tasha a kan albashin kowa.

Mu fara da ta kamfani, don a nan ne kati ya fi nauyi. Manyan kamfanonin gine-gine suna da tasu ƙungiyar, FOCI, kuma su da NUCECFWW suna zama a majalisar haɗin gwiwa da ake kira NJIC su sa hannu a yarjejeniya. Cikinta ake tsayar da matakan albashi, alawus na gida da na mota da na abinci, kuɗin aikin ƙarin lokaci, hutun shekara, kula da lafiya, da lissafin kuɗin sallama. Kuɗin ƙungiya daga albashi ake cire shi kowane wata, kamfani ya tura mata, kuma ya kamata ka gan shi a rubuce a takardar albashinka. Kotun ma'aikata tana ɗaukar ƙaramin ma'aikaci a matsayin ɗan ƙungiya sai in ya rubuta cewa ya fita. Fitar kuma haƙƙinsa ce: gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 ya ce shiga ganin dama ce, kuma ba a muzguna wa kowa don ya ƙi shiga. Sashe na 9 na dokar ƙwadago ya rufe ɗaya ƙofar, ya hana kamfani sa wa mutum sharaɗin barin ƙungiya kafin ya ba shi aiki, ya hana korarsa saboda ita.

Hanya mafi sauƙi ta gane darajar wannan kati ita ce a duba abin da doka ita kaɗai take bayarwa. Takardar sharuɗɗan aiki cikin wata 3 da farawa. Hutun shekara na kwana 6 na aiki bayan wata 12. Hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara, in likita ya ba da takarda. Sanarwar sallama ta kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa 5, wata 1 ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 tun Yulin 2024, wanda bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, bai kuma shafi wanda ake biya da kamasho ko da yawan aikin da ya yi ba. Direban da ake biya da sawu ya faɗo daga wannan lissafi ke nan. Wannan shi ne tabarmar da doka ta shimfiɗa, kuma siririya ce. Duk abin da ya ɗara haka, ko dai yarjejeniyar ƙungiya ce ta kawo shi, ko kuwa alherin mai kamfani ne, wanda zai iya janyewa gobe.

Inda muka fi ba ta maki shi ne ranar rage ma'aikata, kuma a aikin gine-gine wannan rana ba ta fashi. Damina ta sauka, jar ƙasa ta jiƙe ba ta daɓuwa, aikin ciko ya tsaya, tifofi su jeru a yadi. Gwamnati ta yi jinkirin biyan ɗan kwangila, a sallami mutane. Kwangila ma takan mutu gaba ɗaya: a Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta soke kwangilar Julius Berger ta sashen Abuja zuwa Kaduna na hanyar Abuja zuwa Kano. Sashe na 20 na dokar ƙwadago ya ce kamfani ya sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa, a fara da wanda ya zo daga baya, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, kuma kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin sallama. A lura da kyau: dokar ba ta faɗi ko nawa ne ba. Adadin yana cikin yarjejeniyar ƙungiya ne. Direban da ba ta rufe shi ba zai iya yin shekara 4 yana jan tsakuwa, a ba shi sanarwar mako 2 da albashinsa na ƙarshe, a ce an gama da shi. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya biya abin da aka cire wa mai kati a shekarun da ya yi.

Akwai wata dabara ƙarama da ke ƙara wa katin ƙarfi. In za ka karɓi takardar ɗaukar aiki, duba ko ta ambaci cewa sharuɗɗanka suna bin yarjejeniyar NJIC. An daɗe ana jayayya a kotuna kan ko ma'aikaci ɗaya zai iya kai ƙara da yarjejeniyar ƙungiya in ba a saka ta cikin kwantiraginsa ba. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba kotun ma'aikata ta ƙasa ikon fassara irin waɗannan yarjejeniyoyi da aiki da su, amma layi ɗaya a takardarka yana rage maka doguwar tafiya. Kotun tana zama a Kano da Kaduna da Abuja da wasu biranen, kuma reshen da ke aikinsa yakan raka mutum da lauya.

Sai maganar fansho da haɗari, inda doka ta yi tanadi mai kyau amma ake buƙatar mai bin sawu. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire wa ma'aikaci kashi 8 cikin 100, kamfani ya ɗora kashi 10, a lissafa kan tsurar albashi da alawus na gida da na mota. A ce waɗannan ukun sun tashi naira 100,000: naira 18,000 ke nan a wata, 216,000 a shekara, a asusun da ke da sunanka wanda zai bi ka duk kamfanin da ka koma. Wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, ya yi wata 4 bai samu wani ba, zai iya cire kashi 25 na abin da ya taru. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai wadda ba ta gaza ninki 3 na albashin shekara ba. Ɓarnar da aka fi yi ita ce a cire kashi 8 ɗin a takarda amma kuɗin bai isa asusun ba. Saƙon da kamfanin fansho ke turowa a waya shi ne shaida. In wata 2 suka wuce babu shi, wurin sakataren reshe za ka nufa, kuma yadda ya karɓi maganar zai nuna maka irin reshen da kake ciki.

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa kamfani ya riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa ga NSITF, hukumar da ke biyan diyyar, ba tare da an taɓa aljihun ma'aikaci ba. In haɗari ya faru, ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara 1. Yawancin diyyar da ke salwanta a waɗannan kwanaki take salwanta. Direba yana kwance a asibiti, iyalinsa ba su san da wata takarda ba, foman mai kula da aiki ya ce ai kamfani na biyan kuɗin magani, lokaci ya ƙure. Jami'in ƙungiyar da ya san aikinsa shi ne zai cike fom, ya karɓo rahoton likita da na 'yan sanda tun rauni yana ɗanye. Mun ɗauki wannan a matsayin hidima mafi tsada da kati ke saye, ko da mutum zai shekara 10 bai buƙace ta ba.

Yanzu inda take ba da kunya. Babban ramin shi ne ba kowa ke shiga inuwarta ba. Manyan ayyuka irin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ɗora harsashinsa a Fabrairun 2021, ko bututun gas na AKK, suna cin tifofi masu yawa, amma a aikin gine-gine an saba babban kamfani ya ba ƙananan 'yan kwangila jigilar ƙasa da tsakuwa, su kuma su yi hayar motocin mutane. Kana shiga yadin babban kamfani kullum, wataƙila har da hular kwanonsa a kanka, amma a takarda ba ma'aikacinsa ba ne kai. Haka wanda ya shigo ta hannun kamfanin samar da leburori, ko wanda ake sabunta wa kwantiragi duk bayan 'yan watanni don kada ya zama na dindindin. Doka ba ta hana irin waɗannan shiga ƙungiya ba, amma a aikace reshe ya fi ƙarfi a kan ma'aikatan dindindin, kuma kamfanin da ba ya cikin FOCI yakan ce yarjejeniyar ba ta hau kansa ba. Ƙungiyar ta daɗe tana kuka da wannan salo na aikin wucin gadi, kukan kuma bai kawar da shi ba.

Na biyu, ƙungiyar kamfani ba ta samar da aiki. Kamfani ne ke gwada ka a kan sitiyari, ya duba ajin lasinka, G ga tirela mai jan bodi, H ga injinan tonon ƙasa, ya sa likita ya duba idonka da jininka. Sai ka shiga kake zama ɗan ƙungiya. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya yi maka kati don a ɗauke ka, ka riƙe kuɗinka. Na uku, yarjejeniya tana da wa'adi, farashin kasuwa kuwa ba ya jira; tun cire tallafin mai a Mayun 2023 an ga yadda albashin da aka sa wa hannu bara yake kasa kai mutum ƙarshen wata bana. Na huɗu, yajin aiki yana da kuɗinsa: sashe na 43 na dokar rikicin ƙwadago ya ba kamfani damar hana albashin kwanakin da aka yi ba a aiki. Sannan reshe mutane ne. Wani shugaban reshen ya fi kusa da ofishin manaja fiye da yadin motoci, kuma ba daga hedikwata ake gane wannan ba, sai daga bakin direbobin da aka sallama bara.

Ƙungiyar tasha wata duniya ce. A inda ake ɗibar yashi a bakin kogin Challawa ko Wudil ko kogin Kaduna, da wuraren fasa dutse irin na Mpape a Abuja, direba yawanci na wani ubangida ne mai mota ɗaya ko biyu. Ana biyansa da sawu, ko ya kawo balas ya riƙe abin da ya saura bayan gas da kuɗin masu lodi da na yaron mota. A nan kati shi ne izinin shiga layi. Ana biyan kuɗin rajista sau ɗaya, sannan tikiti kullum ko kowane sawu. Wasu tashoshin suna ƙarƙashin NURTW, wasu suna jingine da masu motoci, wasu ƙungiyoyin gari ne masu rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kawai, wadda ba ita ce rajistar ƙungiyar ƙwadago ba.

Abin da take yi, tana yin sa da sauri, kuma ba mu raina shi ba. Tana tsayar da farashin sawu don kada direbobi su karya wa juna kasuwa. Tana raba layi. In KAROTA ko KASTLEA ko VIO ko jami'an kiyaye haɗura suka riƙe mota, shugaban tasha ne ke zuwa. In tifa ta buge mutum a cikin gari, kuma kowa ya san yadda jama'a ke taruwa a kan babbar mota, su ne ke fitar da direba da ransa, su tsaya masa a ofishin 'yan sanda, su zauna da dangin wanda aka buge. Suna yin karo-karo na rasuwa da suna da jinya. Sabon direba kuma a nan yake samun mota, domin mai mota yakan tambayi shugaban tasha wa zai ba makulli, shugaban ya tsaya a matsayin mai lamuni. Ta fuskar samun aiki, katin tasha ya fi na kamfani amfani nesa ba kusa ba.

Amma ba ta da abin cewa tsakaninka da ubangidanka, sai dai sulhu. Babu fansho, babu kuɗin sallama, babu hutu mai albashi. Mota ta kwana 10 a gareji ana jiran kayan giya, kwana 10 ke nan babu ko sisi. Inshorar da ke manne a gilashi, wadda tun Janairun 2023 ta koma naira 100,000 ga manyan motocin kaya, ta wanda aka buge ce da dukiyarsa, ba ta biyan direban da ya karye a cikin motar. Kuɗin tikiti kuma sau da yawa ba a bayyana inda ya tafi. Rikicin shugabanci ma yana taɓa mai kati: jihar Oyo ta dakatar da NURTW a 2019, Legas ta karɓe tashoshi daga hannunta a 2022, kuma daga 2023 shugabancinta na ƙasa ya shiga shari'a. Tasha ta rabu biyu, direba ya yanki tikiti biyu.

Gwajin da ya fi raba mana su shi ne lodi. Busasshen yashi yana kai wajen tan 1.6 a kowace kubik mita, jiƙaƙƙe ya doshi tan 2. Tifa mai taya 10 irin HOWO da aka ƙara wa bodi katako, in an cika ta da yashin kogi, kayan kaɗai sukan haura tan 30, alhali ƙa'idar ECOWAS ga mota mai gatari 3, wato layin taya 3, ita ce tan 26 har da nauyin motar kanta. Sakamakon sananne ne. Birki ya yi zafi a gangara ya daina kamawa, sifirin ya karye, taya ta fashe. Wurin juyewa, in ƙasa ba ta daidaita ba ko jiƙaƙƙiyar jar ƙasa ta manne a gaban bodi, jak ya ɗaga, nauyi ya koma gefe ɗaya, mota ta kwanta. Wani ya manta bai sauke bodi ba ya ja, ya taɓa wayar lantarki. A kamfanin da ke da reshe mai rai, direba zai iya ƙin fita da mota marar birki, ya rubuta a takardar duba mota, kuma in aka ba shi takardar tuhuma akwai wanda zai zauna kusa da shi a gaban kwamiti. A tasha, mai mota yana son lodi, mai saye yana son lodi, kai kanka da sawu ake biyanka. In ka ƙi, na bayanka a layi zai ɗauka. Ba mu ga alamar tsarin tikiti zai gyara wannan ba, tunda kowa a cikinsa da yawan sawu yake ci.

To wa ya kamata ya biya me? Wanda kamfani ya ɗauka kai tsaye, da takarda da lambar ma'aikaci, ya bar a cire kuɗin ƙungiya. Rubuta takardar fita don tsimin ɗan abin da ake cirewa asara ce. Wanda zai ja motar ubangida a tasha, kati dole ne a aikace ko da doka ta ce ganin dama ne, sai dai ya ɗauke shi a matsayin kuɗin layi da na ranar tsautsayi, ya nemi rasit, ya kuma yi wa tsufansa tanadi da kansa; tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe tsarin fansho na masu sana'ar kansu, ana zuba abin da ya samu. Mai tuƙa motar kansa ya san cewa shi ubangida ne, maganarsa ta farashin sawu da harajin hanya ta fi dacewa da ƙungiyar masu motoci.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne direban ƙaramin ɗan kwangila a babban aiki, domin shi tasha ba ta ganinsa, reshen kamfani kuma bai san da shi ba. Kafin ya karɓi makulli, ya tambayi sunan da zai fito a takardar albashinsa. Ya tambaya ko wurin yana biyan NSITF da fansho, ya nemi ganin saƙon fansho a wayar wani tsohon direba, don baki yana iya cewa e. Ya ji yadda ake lissafin gas: lita nawa ake ba kowane sawu, kuma in ya gaza saboda cunkoso ko jiran lodi wa ake cire wa. Ya ji wa ke biyan taya in ta fashe da tara in an kama lodi, yana sane da cewa doka ta hana jimillar abin da ake cirewa a wata ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Abin da aka amsa masa, a rubuta shi ko a rabin takarda ne, da sa hannun mai motar da shaida ɗaya, ya ɗauki hotonta a waya ya tura wa wani ɗan'uwansa, saboda takardar da ke cikin aljihun mota tare da motar take tafiya ranar da aka karɓe makulli.